Me ya sa Fada ba ya aure amma Fasto yana da iyali? Aure da ibada a wurin maƙwabtanmu Kirista

A ranar Lahadin Ista ta shekarar 2019, Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika na Christ the King da ke Akra, a cikin hidimomin cikarsa shekara 100 a duniya. Hotunan wannan rana sun zaga ko'ina. Wanda ya tarbe shi kuwa shi ne Fada Andrew Campbell, mutumin ƙasar Ayilan da ya sauka Gana a 1971, ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen hidimar kutare a Weija da sauran wurare. Kamar kusan kowane Fada na cocinsu, Campbell bai taɓa aure ba. A unguwannin Akra ɗin nan kuma akwai ɗaruruwan majami'u da in ka leƙa za ka iske Fasto a kan mumbari, uwargidansa na zaune a sahun gaba da yaransu, jama'a na kiran ta Mama.

Dukkansu Kirista ne, littafi ɗaya suke karantawa. To, ina aka rabu?

Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana Kirista ne, Musulmi kuma kusan kashi 20. Gidan haya ɗaya muke zama da su, famfo ɗaya muke layi, yaranmu da yawa makarantun mishan suke zuwa, matanmu na haihuwa a asibitocinsu. Duk da haka, a zango in zancen Fada ko Sista ya taso, sai ka ji ana ta shaci-faɗi. Wani ya ce an hana su aure ne da ƙarfi, wani ya ce ai duk suna da iyali a ɓoye. Mu malaman makaranta kuwa, babu shekarar da za ta wuce ba wani yaro ya ɗaga hannu a darasin addini da tarbiyya ya yi wannan tambaya ba. Tambayar tana da amsa, kuma amsar ta shafi wata matsala da Kirista suka shafe kusan shekara dubu biyu suna juyawa: shin zuciya ɗaya za ta iya ɗaukar iyali da cikakkiyar bautar Ubangiji, ko kuwa taura biyu ba ta taunuwa?

Wasiƙar da komai ya taso daga cikinta

Tushen maganar yana babi na bakwai na wasiƙar farko da Bulus ya aika wa Kiristocin birnin Korinti na ƙasar Girka, wajen shekara 20 da wani abu bayan zamanin Annabi Isa (AS), wanda su suke kira Yesu Almasihu. Mutanen Korinti ne suka rubuto masa suna tambaya, domin wasunsu sun fara ganin kusantar iyali tamkar ragi ne ga ibada.

Bulus shi kansa ba shi da mata a lokacin. Amsar da ya bayar tana da fuska biyu. A ɗaya fuskar ya nuna cewa marar aure hankalinsa na kan al'amarin Ubangiji kaɗai, mai aure kuwa dole ya yi tunanin yadda zai faranta wa abokin zamansa, don haka hankalinsa a rabe yake. Ya ma yi fatan da kowa zai zauna kamarsa. A ɗaya fuskar kuma ya ce kowa da irin baiwar da Allah ya ba shi, wanda ba zai iya kame kansa ba ya yi aure, hakan ya fi masa zama cikin ƙunar sha'awa. Ya kuma gargaɗi ma'aurata kada ɗaya ya ƙaurace wa ɗaya da sunan ibada, sai dai in sun amince su biyu, na ɗan lokaci, don addu'a, sannan su koma wa juna.

Sauran littafin ma haka yake jan igiyar ta ɓangare biyu. A Linjilar Matiyu akwai zancen waɗanda suka haƙura da aure saboda mulkin sama, tare da sharaɗin cewa ba kowa ne zai iya ɗauka ba. Amma Bitrus, wanda Katolika ke ɗauka a matsayin Paparoma na farko, mai aure ne, tunda Linjila ta ambaci surukarsa da zazzaɓi ya kwantar. Wasiƙar da aka aika wa Timoti ta gindaya cewa shugaban jama'ar coci ya zama mijin mace ɗaya, mai iya riƙe gidansa, a bisa hujjar cewa wanda ya kasa da gidansa ba zai iya da jama'a ba. Kowane ɓangare na Kirista a yau yana da ayar da yake riƙe da ita a cikin waɗannan.

Daga hamadar Masar

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, zaman zuhudu na Kirista a nan Afirka ya yi jijiya. Wajen shekarar 270, wani saurayi ɗan masu hali a Masar mai suna Antoni ya rabar da gonakin da ya gada, ya danƙa ƙanwarsa a hannun wasu mata masu ibada, ya nufi hamada. Ya rayu fiye da shekara ɗari, mutane suka riƙa bin sawunsa. Bayansa wani tsohon soja, Fakomiyus, ya tara irin waɗannan mutane a gida ɗaya a kudancin Masar, ya tsara musu lokacin addu'a da lokacin aiki. Daga nan tsarin ya bazu zuwa Sham da Habasha da Turai.

Da zuhudu ya yi daraja, sai aka fara raina masu aure. A ƙarshen ƙarni na huɗu wani mai zuhudu a Rum, Jobiniyan, ya fito ya ce budurwa da bazawara da matar aure duk ladansu ɗaya ne in ayyukansu sun yi daidai. Shugabannin coci suka yi masa ca, aka yanke hukuncin cewa ya kauce. Sai dai martanin da malamin nan Jerom ya rubuta ya yi zafi har ya kusa mai da aure abin ƙyama, abokansa ma sai da suka ji kunya.

Wanda ya shiga tsakani shi ma ɗan Afirka ne: Agustin, bishop na garin Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau. Shi ya san abin daga ciki, domin kafin ya tuba ya shafe shekaru da wata mace har suka haifi ɗa. Wajen shekarar 401 ya rubuta littafi a kan alherin aure, ya lissafa abu uku da suka sa aure ya zama mai kyau a kan kansa: zuriya, riƙon amana tsakanin miji da mata, da kuma alkawarin da ba ya warwarewa. Ya ci gaba da fifita zaman rashin aure, amma ya ja kunnen masu yin sa cewa matar aure mai tawali'u ta fi budurwa mai girman kai. Har gobe a kan wannan harsashi koyarwar Katolika take.

Yadda ya zama doka

A ƙarnonin farko limaman coci da yawa masu aure ne. A hankali majami'un yamma suka riƙa matsa musu, tun daga wani taro da aka yi a Elbira ta ƙasar Sifen a farkon ƙarni na huɗu. Amma sai a 1139, a babban taron Lateran na biyu a Rum, aka yanke cewa auren da limami ya ɗaura bayan naɗinsa ɓatacce ne. Dalilin ibada yana ciki, akwai kuma na dukiya: ba a so filaye da muƙaman coci su zama gado daga uba zuwa ɗa.

Majami'un gabas ba su bi wannan hanya ba. A wurin Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha da na Girka da Rasha, mai aure yana zama limami, da sharaɗin ya yi auren kafin naɗi. In matarsa ta rasu ba ya sake wani. Bishop kuwa daga cikin marasa aure ake zaɓo shi.

Sai kuma babbar ɓaraka ta ƙarni na 16. Martin Luther, Bajamushen da ya yi wa Rum tawaye, shi kansa mai zuhudu ne da ya yi alkawarin ba zai yi aure ba. A watan Yunin 1525 ya auri Katarina fon Bora, tsohuwar Sista da ta gudo daga gidan zuhudu, suka haifi 'ya'ya shida. Koyarwarsa ita ce, uban da ke wanke tsumman jariri da imani yana cikin bauta kamar mai raya dare a ɗakin ibada. Katolika suka mai da martani a taron Tirent a 1563, suka sake tabbatar da cewa zaman rashin aure don Allah ya fi daraja. Wannan rabuwar ce jiragen ruwa suka kawo mana gaɓar teku.

Yadda abin ya iso Gana

'Yan mishan na Basel, kakannin cocin Presbyterian, sun sauka Osu a 1828. Ƙa'idarsu ita ce saurayi ya zo shi kaɗai, ya yi aiki na wani lokaci, sannan ya nemi izinin aure daga hedikwata, a turo masa amarya daga Turai, sau da yawa wadda bai taɓa gani ba sai a hoto. A 1851 ɗayansu, Johannes Zimmermann, ya karya ƙa'idar, ya auri Catherine Mulgrave, malamar makaranta baƙar fata da aka sato daga Afirka tana yarinya, ta girma a Jamaika. Shugabanninsa ba su ji daɗi ba, amma gidan nasu ya zama makaranta ga 'yan mata da yawa a Osu da ƙasar Krobo. A wurin waɗannan majami'u, gidan Fasto shi kansa wa'azi ne: ana kallon yadda yake zama da matarsa kafin a saurari abin da yake faɗa.

Katolika kuma sun dawo Elmina a 1880, Sistoci suka biyo su a 1883, sannan Fararen Fada suka kafa sansani a Navrongo a 1906. Su da nasu salon suka zo: mutumin da ba shi da mata ba shi da ɗa, ana iya tura shi kowane ƙauye a kowane lokaci. Da yawa daga cikin tsofaffin makarantu da asibitocin karkara da muke amfana da su a arewa, irin waɗannan mutane ne suka gina su.

Saurayin da ke son zama Fada a yau yana shafe shekaru da dama a makarantar horo, irin St. Victor ta Tamale ko St. Peter ta Pedu a Cape Coast, kuma ƙofa a buɗe take ya fita kafin naɗi. Da yawa suna fita, su yi aure, su zama malamai ko ma'aikata. Sista kuwa tana yin alkawari uku: talauci, kame kai, da biyayya. Tana fara yin su na wucin gadi, tana sabuntawa, sai bayan shekaru take yin na har abada. A Kristo Buase, kusa da Techiman, akwai gidan zuhudu da aka kafa a 1989, inda maza ke raba yininsu tsakanin addu'a da aikin gona, kamar yadda aka faro a Masar.

Kowace hanya da kuɗinta

Ba ƙaramin abu ba ne ɗan Afirka ya ce ba zai haihu ba. A al'adun ƙabilu da yawa na ƙasar nan, wanda ya mutu bai bar baya ba ana ganin sunansa ya yanke. Uwar da ɗanta ya zama Fada tana alfahari a ranar naɗi, amma ta san ba za ta goya jika daga wurinsa ba. Ga kaɗaici a lokacin tsufa, ga dangi da ke zuwa da buƙatu wurin mutumin da ya yi alkawarin talauci.

Wasu sun kasa ɗauka. Fitaccen misali shi ne Emmanuel Milingo, wanda ya riƙe muƙamin babban bishop na Lusaka a Zambiya daga 1969 zuwa 1983. A 2001, yana da shekara 70 da haihuwa, ya auri wata 'yar Koriya a birnin New York. A 2006 ya naɗa maza huɗu masu aure a matsayin bishop, aka kore shi daga cocin, a 2009 kuma aka tuɓe masa rigar limanci. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni: a watan Fabrairun 2019 Paparoma Francis ya amsa a bainar jama'a cewa an samu limaman da suka ci zarafin Sistoci. Cocin ba ta ɓoye cewa raunin yana nan.

Muhawarar ba ta mutu ba. A watan Oktoban 2019, taron bishop-bishop na yankin Amazon ya kaɗa ƙuri'a 128 da 41 yana neman a yarda a naɗa dattawa masu aure a ƙauyukan da Fada ba ya isa sai bayan watanni. Cikin waɗanda suka fi tsayawa kai da fata wajen adawa akwai Kadinal Robert Sarah, ɗan ƙasar Gini. A Fabrairun 2020 Paparoma ya fitar da takardarsa ba tare da ya amince da buƙatar ba. Su kansu Katolika suna cewa wannan tsari ne na coci, ana iya sassauta shi, shi ya sa tsofaffin limaman Anglican masu aure da suka koma Katolika ake barin wasunsu su ci gaba da limanci da matansu.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka masu aure sun huta. John Wesley, wanda ya kafa Methodist, ya yi aure a 1751, ya kuma ƙudurta cewa aure ba zai rage masa tafiyar wa'azi ko ta kwana ɗaya ba. Haka aka yi, auren kuwa ya lalace. Matar ta bar shi, ta rasu a 1781, bai ma ji labarin jana'izarta ba sai bayan an binne ta. Wannan shi ne ainihin abin da Bulus ya hango, kuma har yau shi ne kukan matan Fastoci da yawa: miji na wurin taron dare, yana gidan marar lafiya, yana sasanta auren wasu, nasa yaran sun yi barci ba su gan shi ba. Shi ya sa manyan majami'u suka dage da yi wa masu shirin aure nasiha ta tsawon watanni, suna kuma koyar da addu'ar safe ta iyali, inda miji da mata da yara ke karatu tare kafin kowa ya fita. Manufar ita ce gidan kansa ya zama wurin ibada, yadda ba sai an bar ɗaya an kama ɗaya ba.

Katolika ma sun matso kusa da wannan fahimta. A watan Oktoban 2015 suka ɗaga Louis da Zélie Martin zuwa matsayin waliyyai, karo na farko da aka yi wa miji da mata haka tare. Shi mai gyaran agogo ne, ita mai saƙa ce, a garin Alençon na Faransa. Kowannensu ya nemi shiga gidan zuhudu tun yana matashi, aka mai da shi. Da suka yi aure a 1858 sai suka zauna watanni goma kamar wa da ƙanwa, har wani Fada ya ba su shawarar su yi zaman aure sosai. Suka haifi tara, huɗu suka rasu suna ƙanana, biyar ɗin da suka rayu duk suka zama Sistoci.

Waɗanda ba su zaɓa ba

Akwai rukuni na uku da ba a cika zancensu ba, alhali sun fi Fada da Sista yawa nesa ba kusa ba: waɗanda suke son aure amma bai zo ba, da zawarawa, da matan da miji ya rasu ya bari. A majami'un zamani na masu ruhu, matsin da ke kansu ba kaɗan ba ne. Ana shirya taron dare musamman don masu neman aure, ana hawa duwatsun Atwea ko a shiga dajin Achimota ana azumi da addu'a. Wasu masu wa'azi na gaya wa mace mai shekara 35 cewa wani mugun ruhu ne ko wata tsohuwa a dangi ta tare mata hanya. Wasu Fastocin kuwa suna yaƙi da wannan, suna tuna wa jama'a cewa wanda suke bi bai yi aure ba, haka ma Bulus, don haka rashin aure ba tsinuwa ba ce. Sukan kawo misalin John Stott, malamin Anglican na Ingila da ya rasu a 2011 yana da shekara 90 bai taɓa aure ba, littattafansa kuma na cikin waɗanda ake horar da Fastoci da su a Afirka.

Tsadar biki ma na da hannu. Saurayi zai yi ƙwanƙwasa ƙofa, ya yi na gargajiya, sannan a jira farin biki na coci da riga da kek da zobe. A Katolika, wanda ya tsaya a na gargajiya kawai ba ya karɓar jibi sai an albarkaci auren, shi ya sa lokaci-lokaci ake haɗa ma'aurata da yawa a ɗaura musu rana ɗaya don a rage musu nauyi. Wanda ya san yadda lefe da kayan ɗaki ke tsayar da aure a zango, wannan labarin ba baƙo ba ne a kunnensa.

Inda muka haɗu, inda muka rabu

A wurinmu hukuncin a fili yake. Suratul Hadid ta ambaci ruhbananci a matsayin abin da mabiya Annabi Isa suka ƙaga don neman yardar Allah, ba a wajabta musu ba, kuma ba su kiyaye shi yadda ya kamata ba. Hadisin mutum uku da suka zo gidan Manzon Allah (SAW), ɗayansu ya ce ba zai taɓa aure ba, ya nuna mana aure sunna ce. Amma Suratul Ma'ida ta yabi limamai da masu zuhudu na Nasara da rashin girman kai. Kuma Imam Nawawi, wanda babu makarantar zauren da ba a karanta Arba'una ɗinsa, ya rasu bai yi aure ba, ilimi ya cinye masa lokaci. Ba wanda ya ce tuzuru ne marar amfani.

Don haka in yaro ya tambaye ka me ya sa Fada ba ya aure, ga amsar da ba ƙarya a ciki: shi ya zaɓa bayan dogon horo, a cikin cocin da ta mai da hakan sharaɗin limanci tun 1139, saboda yana ganin haka ne zai ba Allah da jama'a lokacinsa duka. Fasto kuma yana bin waɗanda suka ce riƙon gida shi ma bauta ne. Mu ba mu bi ta farko ba, kuma ba a ce mu bi ba. Amma Sistar da ta karɓi haihuwar matarka da tsakar dare ta bar wani abu mai tsada kafin ta tsaya a wurin, ya kamata a san da haka kafin a yi mata habaici. Ita kuma 'yar maƙwabta da ta haura talatin ba ta yi aure ba, ko coci take zuwa ko masallaci, tambayar "yaushe za mu sha biki?" ta ishe ta haka. A gaishe ta, a tambaye ta aiki.